Ba a cinikin biri a sama

Shekara goma sha ɗaya ke nan da kyamara nake ciyar da iyalina a Kano: biki, suna, saukar karatu, in kasuwa ta yi sanyi har hoton fasfo. Amma abin da ya jawo ni sana'ar tun farko doki ne. Duk Hawan Daushe ina Ƙofar Kudu tun kafin la'asar, kuma kusan duk shekara sai na ga baƙin masu ɗaukar hoto da dogayen fararen gilasai a bakin kyamarorinsu, suna tsaye can nesa da kofaton dawaki, suna ɗauko fuskar mahayi kamar a gabansu yake. Ni kuwa sai na kutsa, na sha ƙura, na sha tsawar dogarai, kafin na samu abin kirki. Tun a lokacin farin gilashin nan ya zauna mini a rai.

Saura mako uku azumi wani abokin sana'a ya kira ni ya ce akwai wani dattijo a Jos da zai sayar da nasa. Canon ne, mai zuƙowa daga milimita 100 zuwa 400, ƙirar ta biyu wadda ta fito a ƙarshen 2014. Da ta fito dala 2,199 aka sa mata, kuma da dala ta haye naira 1,500, sabo ya wuce miliyan uku tun kafin a yi maganar kuɗin kawowa. Dattijon miliyan biyu ya ce. Na yi lissafi: adashin shekara biyu, in na haɗa da kuɗin babur ɗina, zai kai. A daren na kira shi na ce ya turo lambar asusu in sa kafin alƙalami, kada wani ya riga ni.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa riƙe shi?"

Na ce a'a, Baba, amma na kalli bidiyonsa a YouTube ba adadi.

"To ba a cinikin biri a sama. Ka zo da kyamararka. Dama ina so in je Yankari in yi ban kwana da dajin, ka sa mana mai mu tafi tare. Ka yi kwana biyu yana wuyanka. In ka dawo kana so, sai mu yi magana."

Na tashi daga tashar Unguwa Uku bayan sallar asuba, a Sharon. Naira 13,000 na biya kujerar gaba don jakar kyamara ta zauna a cinyata, ban yarda a cusa ta a but tare da buhunan albasa ba. Daga Kano zuwa Kwanar Ɗangora barci na yi. Da muka bar titin Zariya muka wuce Tudun Wada muka shiga dajin Falgore, sai hira ta mutu a motar. Kowa ya san labaran da aka riƙa ji daga dajin nan a shekarun baya. Wata dattijuwa a kujerar baya ta kama Hasbunallahu, ba ta ajiye ba sai da muka fara ganin gidaje. Shingen jami'an tsaro kuwa mun wuce su da dama, a leƙo, a dubi fuskoki, a ce Allah ya kiyaye hanya. A Saminaka muka tsaya muka sha rake, daga nan mota ta fara hawa, kunnena ya toshe, iska ta canza. Azahar ta yi mana a Jos.

Baba dogo ne siriri, ya haura saba'in. Tun zamanin fim ya fara, lokacin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu da jar fitila, daga baya ya bar biki ya koma bin tsuntsaye. Da ya miƙo mini hannu na gane dalilin sayarwar ba tare da na tambaya ba: hannun rawa yake yi. Ya sauke ni a ɗakin jikansa, aka kawo gwaten acca mai zafi da ganye. Ban saba da shi ba, amma sanyin garin ya sa na cinye tas. Mu a Kano muna cewa muna hunturu, to Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, ruwan buta da magariba sai ka ce daga firji aka ɗebo.

Bayan isha'i ya jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Gilashin na kwance a ciki, naɗe da tsohon rawani, da 'yan ƙullin nan masu shanye laima a gefensa. Na ɗauka da hannu biyu. Abin da bidiyo bai taɓa gaya mini ba shi ne nauyi: ya haura kilo ɗaya da rabi, in ka haɗa da kyamarata 5D Mark III kana ɗauke da kilo biyu da rabi a gaban fuskarka. Baba ya sa aka kashe fitilar ɗaki, ya cire murfin gaba da na baya, ya ba ni tocila.

"Haska ta baya, ka leƙa ta gaba. Fumfuna kake nema. In ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo, ajiye, ko kyauta aka ba ka."

Ya ce gilashin da ya daɗe a garuruwan bakin teku shi ya fi kamuwa, saboda laima, kuma in fumfunar ta ci fatar gilashin ba ta gyaruwa. Na leƙa. Babu saƙa, sai ƙwayoyin ƙura uku ko huɗu suna ƙyalli. Na nuna masa. Ya ce waɗannan ba sa fita a hoto, kuma duk wanda ya ce maka gilashinsa ya shekara a ƙasar nan ba ƙwayar ƙura a ciki, bai taɓa fita da shi ba. Ya ce ƙirar farko ta 1998 ma ta fi haka, domin ita turawa ake yi a jawo kamar famfon keke, tana zuƙar iska da abin da ke cikinta. Wannan kuwa murɗawa ake yi. Sannan da kansa ya nuna mini inda hular gilashin ta tsage aka liƙe, ya ce daga kan dutse ta faɗi, shi gilashin bai taɓa ƙasa ba. Na sha sayen kayan hannu a rayuwata, ban taɓa ganin mai kaya ya riga ni nuna aibin kayansa ba.

Da safe, kafin mu tashi, ya manna shafin jarida a bangon tsakar gida, muka ɗora kyamara a kan ƙafa uku. Na ɗauka a 100, a 200, a 400, muka buɗe a kwamfuta muna duba kusurwa huɗu. Ya ce in gilashi ya taɓa buguwa, za ka ga rubutun gefe ɗaya ya fito sarai, na ɗaya gefen ya yi dishi-dishi. Duka huɗun daidai suke. Ni a nan na gama yanke shawara a zuciyata. Baba ya ce bango ba ya gudu, mu tafi inda abubuwa ke gudu.

Jikansa ne ya tuƙa mu a tsohuwar Golf. Hanyar Bauchi gangara ce tsakanin duwatsu, zafi na ƙaruwa kana cire rigar sanyi. Bayan mun wuce Toro aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in ya hango abu fari dogo a cinyata, fuskarsa ta canza, ya ja baya taku ɗaya ya ce kowa ya fito.

"Mene ne wannan?"

"Gilashin kyamara ne, yallaɓai."

Bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin in aka zuƙo shi har ƙarshe aka sa masa hula, wanda bai sani ba zai iya ɗaukarsa wani abu dabam. Baba ya ce, "Ɗana, rataya masa igiyar a wuya, ka bar shi ya leƙa." Na rataya masa, na saita shi kan wani makiyayi da ke can gindin dutse, wanda da ido sai ka ce ɗigon tawada. Jami'in ya leƙa, ya ɗago kai ya dubi dutsen, ya sake leƙawa. "Kai! Har gorar da ke kafaɗarsa ina gani." Ya kira abokan aikinsa biyu, su ma suka leƙa. Ya tambayi kuɗinsa, na faɗa, ya cire igiyar a hankali da hannu biyu ya miƙo mini, ya ce Allah ya sa a mora.

A Bauchi muka ci masa da miyar taushe. Ni Bakano ne, ina kishin wainarmu, amma gaskiya masar Bauchi ta fi tamu laushi da tsami mai daɗi, kuma ba a yi mata rowar mai. Muka cika tanki, muka sayi ruwa da burodi, muka kama hanyar Gwambe. A Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola, muka karya dama zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar dajin take. Aka rubuta sunayenmu, muka biya kuɗin shiga. Na ɗauka mun iso, ashe daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai fiye da kilomita 40, daji ne dama da hagu, ba gida, ba gona, ba mai tallan ruwa. Baba ya ce a 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓa a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Ni da na tashi a cikin badala, inda ko ina ka juya katanga ce, shirun wurin ya fi girmansa ba ni mamaki. Da jikan Baba ya kashe mota don zabin daji su tsallaka, har ƙarar ƙafafunsu a kan busasshen ganye muke ji.

Ɗaki biyu muka kama, ni da yaron ɗaya, Baba ɗaya. Mai ba da makulli ya ce mu riƙa kulle ƙofa ko fitsari za mu fita, saboda gwaggon biri. Bai rufe baki ba wani ƙato ya diro daga kan rufi, ya fizge ledar burodi daga hannun jikan Baba, ya koma gefe ya zauna ya yage ta da haƙori. Hoton farko da na ɗauka da gilashin a daji ke nan. Ina tsaye wajen taku goma sha biyar, na zuƙo har 400, na danna. Da na duba bayan kyamara sai da na kira sunan Allah. Kowane gashi na fuskarsa a rarrabe yake, ɓarɓashin burodi a leɓensa, a cikin ƙwayar idonsa kuma ga inuwar bishiya da ta motarmu. Bayansa duk ya narke ya zama launi ɗaya mai laushi. Tsohon gilashina mai 70 zuwa 300 bai taɓa ba ni irin wannan ba ko sau ɗaya. Wani abin kuma, yana iya saiti a kan abin da bai kai mita ɗaya daga gare ka ba, don haka na durƙusa na ɗauki ƙadangare a kan dakali har ana ƙirga ɓawon wuyansa.

Da rana ta yi sanyi muka gangara matakala zuwa maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan daga ƙarƙashin wani dutse yake fitowa, garau, kana ganin farin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Manyan bishiyoyi sun rufe shi. Wasu yara 'yan makaranta na tsalle suna faɗawa ciki, na nemi izinin malaminsu na ɗaga kyamara. A nan gilashin ya fara nuna mini ɗaya fuskarsa. In ka zuƙo shi har ƙarshe, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, wato hasken da ke shiga kaɗan ne. A ƙarƙashin inuwar nan, don in tsayar da yaro a iska, sai da na kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har 6400, hoton ya fito da yashi-yashi, launin fata ya mutu. Na rage saurin ɗauka, yaron ya zama hayaƙi. Na'urar hana rawa da ke cikinsa tana aiki sosai, dutsen da bishiyar sun fito cas, amma ita rawar hannuna take tsayarwa, ba ta tsayar da yaro mai tsalle. Baba na zaune ƙafafunsa a ruwa yana kallona, bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba. Na shiga ruwan na daɗe, gajiyar kwana biyu ta sauka.

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya daji, da jagora ɗaya daga cikin masu gadin wurin. Lokacin rani ne, ciyawa ta bushe, dabbobi na gangarowa kogin Gaji neman ruwa. Wannan safiyar ba zan manta da ita ba. Hasken fari ne mai laushi, hazo ya tace shi. Gwambaza uku suka tsaya a bakin fadama suna kallonmu, raɓa a gashin wuyansu. Mazo ya gilma. A wata gaɓar kogi tsuntsaye kore masu jan wuya, masu cin ƙudan zuma, sun haƙa ramuka a jere kamar tagogin bene, suna shiga suna fita. Sai jagora ya ɗaga hannu mota ta tsaya: burtu biyu suna tafiya a ƙasa, a natse, kamar dattawa za su ɗaurin aure. Ni burtu a kan maharba kawai na san shi, wanda suke ɗaurawa a goshi su yaudari namun daji, ban taɓa ganin mai rai ba. Na kwantar da gilashin a kan ƙarfen mota na ɗauka. Ashe burtu gashin ido gare shi, dogaye, baƙaƙe, kamar an sa masa kwalli. Na nuna wa Baba. Ya riƙe kyamarar da hannunsa mai rawa ya daɗe yana kallo, ya ce shekara nawa yana neman wannan tsayuwar bai samu ba.

Giwaye sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka same su, bayan mun bi kashinsu da rassan da suka karya. Suna can ƙetaren fadama, nesa sosai, bakwai ko takwas da 'yan ƙanana biyu. Yankari na cikin wurare kaɗan da giwa ta rage a Najeriya, kuma jagora ya ce akwai masu zuwa sau uku ba su gani ba. Jikina na ɓari na yi ta dannawa, na ɗauki fiye da ɗari. Da muka koma masauki na buɗe a kwamfuta, gabana ya faɗi. Ko ɗaya babu mai kyau. Gefen kunnuwansu a karkace, ƙafafunsu kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Na ce a raina, to ga aibin da bangon jarida ya ɓoye. Na ɗauki kwamfutar na je ɗakin Baba, ina neman yadda zan faɗa ba tare da na ɓata masa ba.

"Baba, ina ganin saitinsa na nesa ya samu matsala."

Ya duba hoto biyu, ya tashi ya ce mu fita. Rana na tsaka. Ya nuna mini wani gadu da ke durƙushe yana kiwo kusa da mu, ya ce ɗauka. Ya fito kamar a taɓa. Ya nuna mini wata bishiya can ƙarshen fili, ya ce ɗauka, kada ka canza komai. Ta fito a lanƙwashe irin giwayen.

"Ka taɓa hango kwalta da rana tana rawa kamar ruwa? Ita ce ka ɗauka. Ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta na motsi, ga ƙurar hunturu. Dogon gilashi ba ya cire iskar da ke tsakaninka da abu, tara maka ita yake yi. Ko na miliyan ashirin ka kawo haka zai yi. Maganinta ka matsa kusa, ko ka fito da wuri."

Na ji nauyin zargin da na yi, na ba shi haƙuri. Ya ce ai don haka muka zo.

A wurin cin abinci muka haɗu da wata ɗaliba da ta zo ƙirgar tsuntsaye, daga cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos. Madubin hangen nesa ne kawai a wuyanta da ɗan littafi. Ta gaishe da Baba har ƙasa, ta ce da ni, "Malam, ko zan iya riƙewa?" Na ba ta. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaga kyamara da sauri irin nata ba. Kafin ni in ga tsuntsun ta riga ta ɗauka, ta kuma faɗi sunansa. Ta ce an ƙirga fiye da iri 350 a dajin nan. Ta maido mini shi tana shafa jikinsa, ta karɓi lambar Baba.

Da yamma muka sake fita, wannan karon da niyyar gwada abin da ya kawo ni, wato gudu. Doki babu, amma gadu in ya firgita ya ɗaga jela sama yana zabura kamar angarma, gwambaza ma haka. Na mayar da maɓallin hana rawa kan lamba 2, wadda aka yi don bin abu mai wucewa, na taƙaita saitin daga mita 3 zuwa nesa don kada ya riƙa neman ciyawar gabana, na sa saurin ɗauka ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, domin ƙasa da haka ƙafar doki mai sukuwa ba ta tsayuwa. Tsakanin la'asar da ƙarfe biyar, abin sai godiya: yana kama dabba ya riƙe ta, cikin goma takwas suna fita. Daga biyar da rabi, da rana ta faɗa cikin hazo ta zama jan faifai, sai ya fara kai da komo yana neman saiti, ISO na hawa. Ga wuyan hannuna na hagu ya kama zafi, kafaɗa ta riƙe, bayan awa biyu kacal, alhali ina da ƙarfen mota da nake jinginawa.

Ina zaune a motar nan sai Ƙofar Kudu ta faɗo mini. Yaushe ake jafi, lokacin da mahaya ke sako dawaki a guje su yi turjiya a gaban Sarki? Ai sai rana ta yi ƙasa, bayan dubban kofatai sun tayar da ƙura ta rufe sama. Wato daidai lokacin da na fi bukatar gilashin, lokacin ne haskensa ke ƙarewa. Kuma a can ba ƙarfen jingina, awa huɗu kake tsaye cikin turereniya.

Daren nan Baba ya ce in buɗe hotunan hawan da na taɓa ɗauka, in ware waɗanda aka saya ko aka buga, in duba a milimita nawa na ɗauki kowanne, tunda kyamara na rubutawa. Muka zauna har wajen sha biyu, janareta na ruri, birai na rigima a kan rufi. Kusan duka tsakanin 70 da 200 suke. Waɗanda na zuƙo har 300 kaɗan ne, kuma ba su ne mutane suka so ba. Abin da ake saya a wurina shi ne doki da mahayinsa da zagi da 'yan kallo a hoto ɗaya, wanda kana ganinsa za ka ji algaita. Kutsawar da nake yi ina jin haushinta, ita ce ta ba ni su. Sannan ga maganar da ba na son tunawa: duk da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, shekarun nan an sha ɗage hawan, sallah ta zo ta wuce ba doki a titi. Abincin gidana daga zauren biki yake fitowa, da daddare, ƙarƙashin fitilu masu launi. Wanda zai yi mini aiki a can shi ne mai 70 zuwa 200 da ke buɗewa har f/2.8, wanda ke shigar da haske ninki huɗu na f/5.6. Shi zai ɗauki amarya a zaure, ya ɗauki jafi da magariba. Wannan kuwa na mai fitowa da asuba ne ya zauna a bakin kogi.

Sanin hakan bai sa na daina sonsa ba. Na kwana ina juyi, ina tuna gashin idon burtu. Har na fara lissafin ko zan riƙa zuwa fadamun Haɗeja da Nguru ina ɗaukar tsuntsaye, sai na tambayi kaina wa zai saya, da me zan kai yara makaranta in na sayar da babur.

Bayan sallar asuba na same shi a kan dakali yana lazimi. Na zauna a ƙasa na jira ya shafa.

"Baba, gilashinka ba shi da aibi ko ɗaya. Amma ba nawa ba ne."

Ya yi murmushi ya ce tun a bakin ruwa ya ga haka a fuskata, yana jira ne in gani da kaina. Na ciro naira 50,000 na ce kuɗin haya ne, tunda na mori kayansa kwana biyu. Ya ture hannuna. Ya ce mai na sa, ɗaki na biya, kuma na kawo shi ya ga giwa a zuwansa na ƙarshe. In ina son in biya shi, in wanke masa hoton burtun babba. Na goge gilashin da kaina, na hure ƙurar da ke maƙale a zoben zuƙowa, na naɗe shi a rawaninsa na sa a akwati.

Duka tafiyar, mota da mai da ɗaki da shiga daji da abinci, ta ci mini kusan naira 190,000. A Bauchi muka rabu, su suka nufi Jos, ni na shiga motar Kano ta Ningi da Birnin Kudu, na iso Wudil ana kiran magariba, jakata ba nauyi kamar yadda na fita da ita.

Hoton burtun na wanke guda biyu, na sa a firem. Ɗaya na ba direban Jos a Unguwa Uku ya kai masa, ɗaya yana rataye a shagona sama da teburin karɓar kuɗi, masu zuwa hoton fasfo na tambayata ko a ƙasar waje na ɗauka. Babur ɗina na nan, adashin kuma ina ƙarawa don mai f/2.8, na riga na gaya wa wani mai kawo kaya cewa ba zan biya ba sai ya bar ni na kai shi zauren biki dare ɗaya. Ranar sallah Baba ya kira mu gaisa. Ya ce hoton ya iso lafiya yana falo, kuma ɗalibar nan ta zo gidan sau biyu tana tambayar gilashin. Ya ba ta shi ta tafi da shi Amurum, sai bayan mako guda za su yi maganar kuɗi.